Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Masu Haɗa Sandar Kamun Kifi A Tsakar Hunturu



Maƙalarmu ta yau za ta kai mu ƙasashen sanyi, wajen wata al'ada da Bahaushe zai yi wa dariya idan ya fara jin labarinta. A Amurka da Kanada da Birtaniya da arewacin Turai, akwai mutanen da idan hunturu ya kama, dusar ƙanƙara ta toshe hanyar rafi, sai su shige gareji ko ɗakin ƙasa su kwashe makonni suna haɗa sandar kamun kifi guda ɗaya tal. Ga irinta nan jibge a kanti. Kuɗin da suke kashewa a kayan haɗin sau da yawa ya isa su sayi sabuwa fil. Abin da zai fi ɗaure maka kai kuma, da yawansu idan sun kama kifin sai su zare masa ƙugiya su mayar da shi ruwa. Mai karatu zai ce wannan ai ƙoshi ne ya yi yawa. Mu kuwa ra'ayinmu shi ne mutanen nan suna da gaskiya, kuma ba domin su ba, da wata sana'a mai daraja ta daɗe da shiga kabari. Ga hujjojinmu.

Sai mun fara sanin irin sandar da ake magana a kai. Fatsar da muka saba gani, tana ake sokewa a ƙugiya, a ɗaura ɗan darma, nauyinsa ya ja igiya zuwa cikin ruwa. Tasu daban take. Kifin da suka fi nema, wanda ake kira tirawut, yana zaune a ƙoramu masu sanyi, yana cin ƙwarin da ke ƙyanƙyashewa a ruwa ko suke faɗowa a kansa. Don haka sai su ɗaura gashin tsuntsu da zare a jikin 'yar ƙaramar ƙugiya har ta yi kama da ƙwaro. Mu kira wannan salo fatsar ƙwaro. To, ƙwaron gashi ba shi da nauyin da za a jefa shi. Ka gwada jifa da gashin kaza ka ga inda zai sauka. Igiyar ce mai nauyi, ita ake kaɗawa gaba da baya a iska kamar bulala, ita ke ɗaukar ƙwaron ta ajiye shi a hankali a kan ruwa. Aikin sanda shi ne ta lanƙwasa da nauyin igiya, ta tara ƙarfi, ta miƙe ta harba ta. Idan ta cika tauri ba za ta lanƙwasa ba, idan ta cika laushi ba za ta harba ba.

Saboda wannan ne a 1961 masu ƙera kayan kamun kifi na Amurka suka tsayar da ma'auni guda: a auna nauyin ƙafa 30 na farkon igiya, a ba ta lamba. Igiya mai lamba 5, alal misali, wannan ɓangaren nata kimanin giram 9 ne. Kowace sanda kuma don wata lamba ake yin ta. Wadda ta fi yawa a hannun jama'a ita ce mai tsawon ƙafa 9, mai ɗaukar igiya lamba 5. Ka ga ke nan abin ya fi kusa da kayan kiɗa, inda ɗan bambancin kauri ke canza komai, a kan sandar kiwo.

Me ya sa sai da hunturu? Domin lokacin ne ruwa ke rufe. Tirawut ɗin Turai yana zuba ƙwai daga ƙarshen kaka zuwa tsakiyar sanyi, shi ya sa hukumomi ke hana taɓa shi. A Sikotland doka ta buɗe kamunsa daga 15 ga Maris zuwa 6 ga Oktoba, sauran wata biyar da 'yan kwanaki kuwa sai haƙuri. A birnin Edinburgh, cikin Disamba, hasken rana kimanin sa'a bakwai ne kawai, kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi. Mai son rafi ya rasa rafinsa, ga dogon dare a gabansa. Ko ya zuba wa talabijin ido har Maris, ko ya shirya wa ranar da za a buɗe ruwa.

Kuma al'adar ba ta yau ba ce. A 1496 an buga wani ɗan littafi a Ingila mai suna Treatyse of Fysshynge wyth an Angle, wanda ake danganta shi ga wata mata, Juliana Berners. Littafin bai tura mai karatu kanti ba. Ya koya masa ya sari iccen sandarsa tsakanin ƙarshen Satumba da farkon Fabarairu, ya gasa shi ya miƙar, ya bar shi ya bushe, ya tufka igiya da gashin wutsiyar doki, ya lanƙwasa allura ta zama ƙugiya. Shekara fiye da 500 ke nan mutanen nan suna fafe goransu tun kafin ranar tafiya.

A yau hanya biyu ake bi. Ta farko, wadda masu farawa suka fi bi, ita ce a sayi gangar sandar tsirara daga masana'anta: dogon siririn bututu na zaren kabon, galibi gaɓa huɗu, ba mariƙi, ba zobba. Sauran aikin duk na mai ita ne. Zai fara da laluben ƙashin bayan kowace gaɓa. Zaren kabon naɗe shi ake yi a jikin ƙarfe kamar tabarma, wurin da naɗin ya hau kan juna ya fi kauri, don haka idan ka lanƙwasa gaɓar kana mirgina ta a kan tebur za ka ji ta yi tsalle ta zauna a gefe guda. Da wannan layin ake daidaita jerin zobban da igiya za ta bi.

Sai mariƙi. Da ɓawon wata bishiya ake yin sa, ɓawon nan mai laushi da ake toshe bakin kwalba da shi, wanda ƙasar Fotugal ke samar da kusan rabin na duniya. Bishiyar sai ta yi shekara 25 ake fara ɓare ta, daga nan kuma sai bayan kowace shekara 9. Ana sayar da ɓawon zobe-zobe, kowanne kaurin rabin inci. A jera 13 ko 14 a manne su da gam, a yi ta gogewa da sanfefa har ya zauna daram a tafin hannu. A nan ribar farko ke fitowa. Masana'anta mariƙi ɗaya take yi wa kowa, alhali hannun ƙato da na yarinya da na dattijo mai ciwon gaɓɓai ba ɗaya ba ne. Mai haɗa tasa da hannunsa yake auna ta.

Daga nan sai zobba. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce zobe ɗaya ga kowace ƙafa ta tsawon sanda, a ƙara ɗaya, ban da na can tsini. Ana goge ƙafafun kowane zobe da magagari har su yi lafe-lafe, a liƙa su na wucin gadi da salatif, a zura igiya, a rataya ɗan nauyi a ƙarshenta, a tsaya a kalli yadda sandar ta lanƙwasa. Inda igiya ta yi kwana mai kaifi, sai a matsar da zoben. Sai idan lanƙwasar ta tafi sumul sannan a ɗaure su da zaren nailan ko na siliki, naɗi kusa da naɗi, ba ƙulli ko ɗaya. Farkon zaren a ƙarƙashin naɗi yake ɓuya, ƙarshensa ma da ɗan madauki ake jawo shi ƙarƙashi a yanke da reza. Kayan aikin fa? Da yawa da kwali suke farawa: a yanka masa baki biyu a ɗora sandar, a jefa zaren cikin kofin shayi, a ratsa shi ta tsakiyar wani littafi mai kauri don ya yi tsauri. Shi ke nan.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda sanyi ke yi wa shisshigi. Ana shafe kowane naɗi da gam mai ruwa biyu, wanda sai an auna su daidai wa daida, galibi da sirinji. Idan ɗaya ya rinjayi ɗaya, zai zauna da danƙo har abada. Yana kuma son ɗumin ɗaki wajen digiri 21, ga shi ana tsakar hunturu, don haka sai a kunna abin ɗumama ɗaki ko a dawo da aikin kicin. Sannan dole sandar ta yi ta juyawa na sa'o'i, ko da ɗan inji mai tafiyar hawainiya ko da hannu, don kada gam ɗin ya taru a gefe guda. Ƙura kuwa abokiyar gaba ce. Gashin kyanwa ɗaya ya isa ya ɓata aikin dare guda.

Hanya ta biyu ita ce ta gwanaye: a ƙera sandar tun daga iccen gora. Ba kowace gora ba. Akwai wata da ake kira Tonkin, wadda ake nomawa a tsaunukan bakin kogin Sui a kudancin Sin, mai jijiyoyi masu yawa da ƙarfi dab da bayanta. Ana kawo ta tsawon ƙafa 12. Maƙerin zai tsaga ta zuwa sirara-siraran tsage, ya gasa gaɓoɓinta, waɗanda suke kamar na rake, ya danne su har su kwanta, ya saka tsagen a tanda don su ƙara tauri. Sannan ya ɗora kowanne a cikin wani dogon kwarin ƙarfe, ya yi ta kankare shi da makankari irin na kafintoci har ya zama mai kusurwa uku, kowace kusurwa digiri 60, yana sirancewa daga gindi zuwa kai. Ana duba kaurin a kowane inci 5, kuma da kashi ɗaya cikin dubu na inci ake lissafi. A can tsini, kaurin tsage ɗaya bai kai milimita ɗaya ba. Idan guda shida sun kammala, sai a shafe su da gam a haɗe, a naɗe da zare, su zama sanda mai gefe shida kamar fensir. Sanda mai gaɓa biyu da ƙarin kai ɗaya na ajiya, tsage 18 take ci. Aikin sa'a arba'in ne zuwa sama, kuma makankari ya zarce sau ɗaya, tsagen ya tashi aiki.

A kan wannan hanya ta biyu babbar hujjarmu take. Ana danganta fara wannan ƙira a Amurka ga Samuel Phillippe, wani maƙerin bindiga na garin Easton a jihar Pennsylvania, wajen 1845. Hiram Leonard, shi ma maƙerin bindiga, ya ɗauke ta a garin Bangor na jihar Maine a farkon shekarun 1870, ya ƙera injin yanka tsage, ya mai da abin masana'anta. Ana ba da labarin cewa a kulle yake ajiye injin, ba kowane ma'aikacinsa ke ganin sa ba. Haka sana'ar ta zauna shekara da shekaru: sirrin gida, daga maigida sai amintaccen yaronsa.

Sai abubuwa uku suka faɗo mata a jere. A 1947 kamfanin Shakespeare ya fitar da sandar zaren gilashi, mai araha, wadda ruwa ba ya ruɓar da ita. A 1950, lokacin yaƙin Koriya, Amurka ta hana shigo da kaya daga Sin, gorar Tonkin ta yanke, ba a ɗage takunkumin ba sai 1971. A 1973 kuma kamfanin Fenwick ya fito da sandar zaren kabon, wadda ta fi duk na baya rashin nauyi. Manyan masana'antun gora suka yi ta rufewa ko su koma sabon kaya. Tsofaffin ma'aikata suka yi ta mutuwa da abin da ke kansu.

Wa ya tsamo sana'ar? Wani injiniya mai suna Everett Garrison, mutumin jihar New York, wanda a ɗakin aikinsa na gida yake ƙera tasa da makankarin hannu. Shi bai yarda da kintace ba. Lissafin da injiniyoyi ke yi don sanin nauyin da ƙarfe zai ɗauka, shi ya ɗora a kan gora, ya rubuta kaurin kowane wuri da alƙaluma. Wani matashi, Hoagy Carmichael, ya lazimce shi yana ɗaukar hoto yana rubutawa. Garrison ya rasu a 1975, littafin nasu, A Master's Guide to Building a Bamboo Fly Rod, ya fito a 1977. Daga nan duk mai haƙuri da tebur da dogon dare ya samu hanyar shiga. Malaman makaranta, likitoci, masu gyaran famfo, 'yan fansho, suka shiga tsaga gora a garejinsu, suna musayar alƙaluman awo, suna haɗuwa shekara-shekara kowa ya gwada ta ɗan uwansa. Abin da masana'anta ta kulle a ɗaki har ya kusa mutuwa, masu sha'awa ne suka buɗe shi ya rayu.

Yanzu bari mu ba masu suka haƙƙinsu, domin maganarsu ba ta banza ba ce.

Suna cewa babu riba. Gaskiya ne ta wani gefen. Gangar sanda tsirara takan yi kusan rabin kuɗin wadda aka gama, kuma manyan sanduna na kanti yanzu sun haura dala dubu, don haka a nan akwai ragi. Amma akwai sandunan kanti na ƙasa da dala ɗari da ke kama kifi lafiya lau, kuma idan ka haɗa kuɗin zobba da mariƙi da gam da kayan aiki, ba ka ma sa lokacinka a lissafi ba, sau da yawa ka wuce nan. Wanda ya shiga don tsimi ya yi ɓatan kai.

Suna cewa ta kanti tana da garanti. Haka ne, kamfanin Orvis, wanda aka kafa tun 1856, yana ba da garantin shekara 25 a kan yawancin sandunansa. Sai dai mu duba abin da garanti ke koya wa mutum: idan zobe ya cire, ka naɗe sandar ka aika, ka zauna jira, wataƙila lokacin kamun ya wuce kafin ta dawo. Wanda ya taɓa naɗa zobe goma da hannunsa, a daren zai mayar da wanda ya cire, gobe ya koma rafi. Ya gyara ta maƙwabci, ya tayar da tsohuwar sandar kakansa da ke rataye a gareji. Ɗaya ya sayi alkawari, ɗaya ya mallaki sani, kuma sani ba ya ƙarewa bayan shekara 25.

Suna cewa mai sayen gangar kabon ba maƙeri ba ne, mai haɗawa ne kawai. Mun yarda zuciyar sandar daga masana'anta ta fito. Amma tela ma ba shi ke saƙa shaddar ba, kuma ba wanda ya taɓa cewa ɗinki ba sana'a ba ne. Wurin da aka ajiye kowane zobe, nauyin gam da aka ɗora a tsini, siffar mariƙi, duk suna canza yadda sandar ke harba igiya. Galibin masu tsaga gora ma daga nan suka faro.

Akwai kuma maganar lafiya, wadda ita ba ma musu a kanta. Gam mai ruwa biyu yana iya jawo ƙaiƙayi da kumburin fata ga wanda ya yawaita taɓa shi, ƙurar sanfefa da tururin man sheƙi kuma ba abin shaƙa ba ne a ɗakin da aka toshe tagoginsa saboda sanyi. Safar hannu da abin rufe hanci da kafar iska wajibi ne. Wannan gyara ne ga yadda ake aikin, bai zama dalilin barin sa ba.

Saura babbar sukar: wai duk wannan wasan masu ƙoshi ne. To, a ce haka ne. Mutum ya samu sarari da 'yan kuɗi da dare mai tsawo, me ya fi dacewa ya yi da su? Kasuwar zamani so take ya saya, ya yar, ya sake saya, bai san cikin komai ba. Wanda ya zauna ya koyi dalilin da ya sa sanda ke lanƙwasa a nan ba a can ba, ya ƙi wannan tarko ta hanya mafi sauƙi. Kuma abin da muka lura da shi, wanda ya ɓata wata uku yana shiri domin rafi ba ya wasa da lafiyar rafin. Ba ya jin haushin dokar da ta rufe ruwa, domin ta ba shi lokacin aikinsa, kifi kuma ya samu na hayayyafa. Mayar da kifi ruwa da muka yi wa dariya a farko, lissafi ɗaya ne da wannan: a bar na baɗi.

Mu ma ba baƙi ba ne ga rufe ruwa. A Argungu, wurin da ake gasar su a kogin Matan Fada a tsare yake, ba a shiga sai ranar biki, bikin da aka faro a 1934, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016. Masuntanmu kuma sun daɗe da sanin saƙa da gyaran kayansu da hannunsu. Sai dai ragar nailan ta kanti ta cika kasuwa, kamar yadda zaren gilashi ya cika ta Amurka a wancan zamani. Faɗin idon raga, zurfin homa, iccen da ake lanƙwasawa a yi bakinta, watan da ake saran sa, yadda ake zaɓar goran duma da zai ɗauki ƙato a kan ruwa: amsoshin nan suna kan dattawa, dattawa kuma tafiya suke yi. Labarin gorar Tonkin ya nuna mana hanya biyu, ta wanda ya kulle ƙofa da ta wanda ya bari aka zauna kusa da shi da biro da abin awo. Mun ga wadda ta ɓulle.

Saboda haka idan muka ji an ce wani bawan Allah a Montana ko Sikotland ya kwashe hunturu yana naɗa zare a jikin sanda, kada mu yi saurin cewa ya rasa aikin yi. Ranar da aka buɗe ruwa, da abin da ya san cikinsa da bayansa zai fita, kuma idan ya karye ya san ta inda zai kama.

Wanda ke da ja a kan wannan ra'ayi, fili nasa ne, muna saurare. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.